Abin da Za Ki Shimfiɗa a Belbeji

Tanut, bayan girbi.

Zuwa ga ƴata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kun sauka lafiya, ke da maigidanki Bitrus, gajiyar hanya kuma ta bi lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin baƙon wuri, ya sa ruwan garin ya karɓe ku, ya haɗa ku da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau muke. Labarin gida direban da ya kawo miki wannan takarda zai ba ki, ya fi ni baki. Ni magana ɗaya ce ta sa na ari alƙalamin bik na babanki na zauna.

Ranar da kuke ɗaure kaya na ji Bitrus yana gaya wa babanki cewa gidan da aka ba ku kusa da asibiti daɓen siminti gare shi, kuma ya riga ya yi magana da wani mai mota da ke zuwa Kano, ya sayo muku irin dardumar nan da kuke kira moket, wadda ake shimfiɗawa daga bango zuwa bango. Na ga fuskarki ta washe. Ni kuwa ina bakin murhu, gabana ya faɗi, na buɗe baki na sake rufewa. Wace suruka ce za ta tsoma baki a shimfiɗar ɗakin surukinta, a gabansa? Ke kuma ƴar fari ce, ko sunanki bakina bai saba faɗa ba, balle in zaunar da ke in yi ta zuba. Amma takarda ba ta da kunya. Ashe don irin wannan rana na yi ta zama ajin karatun matan majami'a ina haɗa baƙi da ƙyar, ƴan mata suna mini dariya.

Ban kuma makance ba. Na ga yadda kike ɗaura zane yanzu, na ga kin fara kau da kai in an buɗe tukunyar daddawa. In lokaci ya yi za ki zo gida wanka kamar yadda aka saba, amma kafin nan akwai watanni, kuma aikin anfirmiye irin na Bitrus, mai jinyar asibiti, na san shi: a ce turne, wato rangadi, ya hau mota ya bi rugage da allura, kwana da kwanaki. Ke kaɗai a gida, a garin da ba ki da uwa ba ki da gwaggo, ga shi ba na jin akwai wani gidan masu bin Almasihu a unguwar sai naku. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ina so ranar da kika buƙaci mutum a sami macen da za ta faɗo ɗakinki ba ta tsaya neman izini ba. Abin da kika shimfiɗa a ƙasa yana da hannu a cikin wannan, ko da za ki ce Inna ta fara ruɗewa. Ki dai karanta har ƙarshe.

Lokacin da muka taso daga ƙasar Maradi muka zo Tanut, kina ƴar ƙarama, ba mu da komai sai keken ɗinkin babanki da tukwane da tabarmin kaba. Ba mu san kowa ba. Wadda ta fara leƙo ni ita ce Yaya Falmata, maƙwabciyarmu, wadda ke kike kira Iya. Ta shigo neman garwashi ne, ko kuwa ta yi kamar garwashi take nema, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce matar telan da aka ce ba ya salla?" Na ce ni ce. Ta ce, "To, ɗinkinsa dai in yana da kyau shi ke nan." Daga ranar ta zama ƴar gida. Kullum da rana sai ta ɗauko damin kabarta da ta jiƙa, ta zauna a ɗakina tana saƙa, ina tsince gero, muna ta gulmar gari. In la'asar ta yi ba ta komawa gida. Akwai wata ƴar tabarma da ta saƙa ta bari a wurina, a naɗe, a ƙusurwar ɗaki, ba mai zama a kai. Sai ta yi alwala a bayan ɗaki, ta shimfiɗa, ta yi sallarta, ni kuwa in riƙe ki kada ki gifta gabanta. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Kuskurena na farko da darduma a shekarar babban fari na yi shi, lokacin da mutanen arewa suka gangaro dabbobinsu sun ƙare, suna sayar da abin da ya rage musu. Wata Buzuwa ta zo ƙofarmu da darduma ta gashin tumaki, ja da baƙi, saƙar hannu, mai kauri. Gero take so. Na auna mata, ta tsaya tana shafa dardumar kafin ta sake ta, ta faɗi wata magana da harshensu da ban fahimta ba, ta juya. Na shimfiɗa abata a kan daɓen ƙasa, na ji ni ma na zama mutum. Gaskiya kuma gashin tumaki abin kirki ne. Da sanyi ya zo, a kanta muke kwana da ke, ba wanda ya yi tari. Garwashi ya taɓa faɗawa a kai, ya ɗan ƙona wurin ya mutu da kansa.

Sai dai ban san cewa su masu ita kullum cikin naɗe ta da kaɗe ta suke ba, don yau suna nan gobe sun tashi. Ni kuwa na shimfiɗa na bar ta kamar an dasa. Damina ta zo, ƙasa ta yi laima, ina share samanta safe da yamma ina yaba kaina. Ranar da na ce bari in fitar da ita ta sha rana, na kama gefe na ɗaga, gefen kaɗai ya biyo hannuna. Gara ta cinye ta daga ƙasa, ta bar mini fuskar. Na zauna daɓas na yi kuka, rabi don asarata, rabi don matar nan da ta rabu da abin gadonta saboda yunwa, ni kuma na ciyar da gara da shi.

Don haka in gashin tumaki ya burge ki, ki sani duk abin da ya fito daga jikin dabba akwai mai cinsa. Gara na sonsa, asu na sonsa. Kada ki sayi wadda ta fi ƙarfin ɗaukarki ke kaɗai, kada ki kwantar da ita a kan ƙasa tsura, kuma duk ranar kasuwa ki fitar da ita ki buga ki shanya. Siminti ma ba ya hana gara in ya tsage, ki riƙa duba gindin bango. In damina ta kama, ki naɗe ta da ganyen dogon yaro ki ɗora bisa. In kin san ba za ki iya wannan hidima ba, ki bar wa masu iyawa.

Da na yi hankali da nan na tsaya. Amma wanda ya ɗanɗana laushi, tabarma sai ta riƙa sukarsa. Bayan ƴan shekaru ɗinki ya karɓi babanki, muka yi wa ɗaki siminti, kaya kuma suka fara kwararowa daga Kano kamar ba gobe. Na ga wata darduma a gidan matar wani mushe, malamin makarantar boko, ja wur da furanni, ta rufe ɗakin duka. Na dawo gida na hana bawan Allah sakat. Ya ce, "Saratu, a garin yashi?" Na ce ai matar mushe ma a garin yashin take. Ya ci gaba da taka kekensa, amma wata bai ƙare ba sai ga darduma a bayan mota. Mai kayan ya rantse mini ulu ne tsantsa, irin na ƙasar Larabawa, kuma an yi masa maganin gara. Rabin maganarsa gaskiya ce, don gara ba ta ko kalle ta ba. Nailan ce.

Yadda na gane nailan ce, yana nan rubuce a gwiwarki ta hagu. Ina turare, kasko ya karkace, garwashi ɗaya ya gangara. Kafin in juyo wurin ya narke ya yi baƙin ƙirin kamar kwalta, ke kuma kin shigo a guje daga lakwal, makarantarku, kin durƙusa a kai. Abin ya manne miki da fata. Ihun da kika yi har yau yana kunnena. Yanzu ki duba ɗakinki ki gaya mini, wace rana ce wuta ba ta shiga? Kaskon turare, fitila, ɗan murhun shayin da abokan Bitrus za su hura. Ga mai rarrafe kuma na nan tafe, in Allah ya yarda.

Ga dabarar da na koya bayan aikin gama ya gama. In mai kaya ya ce miki ulu ne, ki ciri zare ɗaya daga gefe ki ɗora a kan garwashi. Gashin tumaki zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago, ki murza ya zama toka. Auduga za ta ci kamar tsumma. Nailan kuwa sai ta nannaɗe ta dunƙule ta yi tauri, ga wari mai hawa kai. In ya hana ki cirar zaren, kin sami amsarki, ki yi masa sai an jima.

Da ƙunar nan ta sa na fitar da dardumar, da ban rubuto miki wannan doguwar takarda ba. Ban fitar ba. Na ɗora kujera a kan tabon, na ƙara tsaro. Na koma jandarma a ɗakina. Yashi ya zama abokin gabana, don ita irin wannan darduma in yashi ya shige ta ba ya fita, ki share har bayanki ya ƙage, ki taka ki ji yana ƙas-ƙas a ƙasa. Na fara rufe ƙofa da rana saboda iska. Na kwashe tsofaffin tabarmin nan duka na kai rumfar awaki, har da ƴar ƙaramar ta ƙusurwa, don a ganina suna ɓata wa ɗakin kyau. In mace ta shigo, bakina yana cewa maraba, idona yana kan ƙafarta. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni na sami shimfiɗar ƙasa na naɗe ta fuska, ban kuma san na yi ba.

Wata rana Yaya Falmata ta shigo da damin kabarta yana ɗigar ruwa. Na ce, "Yaya, a ɗan bar kabar a waje mana, ruwa na zuba."

Ta dube ni, ta dubi kabar, ta fita da ita ta ajiye, ta dawo ta zauna a gefe-gefe hannunta ba aiki. Hira ta ƙi tafiya. Da aka kira la'asar ta yi alwala ta shigo, ta nufi ƙusurwa, ta tarar wayam.

Ta ce, "Ina tabarmata?"

Na ce, "Ai ta tsufa, Yaya. Ki yi a kan darduma mana, ta fi laushi."

A lokacin ƙanenki Dauda yana rarrafe, yana yawo ba wando. Ta bi shi da kallo, ta ce, "Wannan ɗan ba ya fitsari a kai?"

Na ce, "Yakan yi, amma ina gogewa."

Ta ce, "Gogewa." Ta ɗan yi murmushi, ta gyara mayafinta. "Bari in je gida in yi, Saratu, kada lokaci ya fita."

Ni da na tashi ina addu'a a duk inda na durƙusa, ban kawo a raina cewa su ba sa salla a wurin da fitsari ya taɓa sai an wanke da ruwa ba. Shekara da shekaru ina zaune da ita, ina ganin ƴar tabarmar nan da ba a zama a kanta, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Wa zai wanke darduma mai girman ɗaki a Tanut, inda ruwan sha ma sai an yi tattali? Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ta dai koma zuwa da wuri ta tafi kafin la'asar. Daga nan ta koma tsayawa bakin ƙofa. Daga nan sai gaisuwa ta kan katanga. Sauran mata da suke biyo ta, su ma ƙafarsu ta ɗauke. Ni kuma, maimakon in bi sawu, sai na ce hassada ce, ko kuwa an zuga su ne don mu ba addininmu ɗaya ba. Na gaya wa babanki haka, ya ce, "Da can da suke zuwa addininmu ɗaya ne?" Na ji haushinsa ƙwarai.

A haka na sami cikin Yusufu, autanmu. Ranar da abin ya zo, da sauran kusan wata a lissafina. Bazara ce. Babanki ya ɗora keke a mota ya tafi cin kasuwar Ollelewa, ke kina lakwal, daga ni sai Dauda. Da hantsi na sunkuya zan ɗauki tulu, na ji wani abu ya tsinke a bayana. Na rarrafa na shiga ɗaki, na faɗi a kan dardumar, sai jini. Ƙofa a rufe kamar yadda na saba saboda yashi. Na yi kira, muryata ba ta wuce labule ba. Dauda yana tsakar gida yana tsala kuka. Da a da ne, kafin in kai ƙasa wata ta shigo aron maɓurgi. Ina kwance, dardumar nan ta ɗau zafi tana gasa mini kunci, ina kallon furanninta, na ce ya Yesu, a kan wannan abin zan mutu? Na ji tsoro, ƴata. Na ji tsoron in bar ku, na kuma ji kunyar wautata.

Rana ta kusa tsakiya na ji an banko ƙofa. Ba sallama. Yaya Falmata ce, da takalmanta da ƙurarta ta tako har tsakiyar dardumar, ta durƙusa ta ɗaga kaina. Daga baya ta gaya mini abin da ya kawo ta. Ta ce ba ta ji taɓaryata ba, ba ta ga hayaƙin murhuna ba, akuyata tana ta kuka ba a kwance ta ba, yaro kuma ya yi ta kuka ba wanda ya rarrashe shi. Ashe ƙafarta ce ta daina zuwa, kunnenta kullum yana gidana.

Ta leƙa ta kan katanga ta ƙwala kira, nan da nan gida ya cika da matan da na ce suna mini hassada. Aka ɗauko ungozoma. Tsohuwar tana shigowa ta ce, "Ku janye mini wannan abu, santsi yake, ina za ta kafa gwiwa?" Suka taru suka ja dardumar waje kamar mushen jaki. Aka nemi tabarma a ɗakina ba ko ɗaya. Yaya Falmata ta aika aka ɗauko ta kwananta, aka zubo yashi mai tsabta a kan simintin, yashin nan da na yi ta yaƙi da shi. A kansa na durƙusa, bayana a jingine da ƙirjinta, tana ta addu'a irin tasu a kunnena ina yin tawa. Yusufu ya faɗo ɗan mitsitsi, shiru, sai da ungozoma ta yi ta fama da shi kafin ya yi atishawa. Wannan ƙaton da ya ɗora muku kaya a mota yana cika baki, shi ne.

Dardumar kuwa ba ta wanku ba. Kwana biyu a zafin bazara ta fara wari, babanki ya jefa ta kan rumfar awaki. Kin san ta, ita ce wannan koɗaɗɗiyar da kuka tashi kuna gani. Rana ta ci launinta, ruwa ya dake ta, gara ta ƙi ta har yau, awaki ne kaɗai suka ci ribarta.

Da na sami ƙarfi na kama hannun Yaya Falmata zan ba ta haƙuri, na fara kame-kame. Ta zare hannunta ta ce, "Ke, rufe mini baki kada nono ya tsinke. Tabarmata dai ki mayar mini ƙusurwarta." Na aika rumfar awaki, aka tarar sun cinye rabi. Ta yi dariya har da hawaye, ta saƙa wata. Babanki ya kafa ƙusa a bango, tun daga ranar a can take rataye, kin tashi kin gan ta.

To, yanzu ki saurare ni. Ban ce ki zauna a ɗaki kamar na gwauro ba. Ke amarya ce, kina da ilimi, ina so ɗakinki ya yi kyau. Amma kafin ki zaɓi abin shimfiɗa, ki tambayi kanki su wa za su zauna a kai. A Belbeji matan Fulani za su kawo miki nono daga rugage, wasu tun daga wajen Tenhya, ƙafa duk ƙura. Matan da suka kawo marasa lafiya asibiti za su leƙo neman ruwan sha da inuwa, da goyonsu. In mace ta ga shimfiɗar da ta fi zanen jikinta tsada, ba za ta zauna ba, in ma ta zauna a ɗofane za ta zauna, gobe kuma ba za ta dawo ba. Tabarmar kaba ba ta tsorata kowa. Yaro ya ɓata ta, ki fitar ki zuba ruwa moɗa ɗaya ki jingine a rana, kafin ki gama tuwo ta bushe. Da bazara sanyi gare ta. In ta tsufa ki ba awaki ki sayi wata, ba wanda zai yi kuka.

Kaba ma akwai ta banza. Ki ɗaga tabarma ki dubi rana ta cikinta, in haske yana ratsowa da yawa saƙar ragguwa ce. Ki lanƙwasa gefe ki ji, in tana ƙara tana karyewa kabar ta bushe a rana fiye da kima. Ki duba bakin, nan take fara warwarewa. Sabuwa takan yi ƙaiƙayi, ki yayyafa mata ruwa ki goge da tsumma ki bari ta kwana. Tabarmar roba mai launi da ake yayi yanzu ba laifi, tana wankuwa, amma na bar tawa a tsakar gida rani ɗaya ta farfashe ta koma sukar mutane, kuma da zafi gumi take sa wa. In kina son laushi, ki shimfiɗa gwadon auduga a kan tabarma, sai dai ki tuna auduga wanki take so, rijiyoyin Belbeji kuwa an ce sai jaki ya yi nisa da igiya kafin guga ya fito.

Saura Bitrus. Yaron kirki ne, don ya faranta miki ya yi, kada ki je ki ce masa Inna ta ce. Namiji in ya yi abin bajinta aka ce ba daidai ba, ko ya ga gaskiya sai ya kafe. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki nuna masa gwiwarki, ki ba shi labarin a matsayin hira. Shi da yake ɗaure ƙuna kullum a asibiti, ba sai an yi masa dogon bayani ba. In mai motar bai riga ya sayo ba, a tsayar da shi. In ya sayo, ba a rasa komai ba: ku sa ta a ƙuryar ɗaki wajen gado, inda ba wuta ba baƙo, a yanke ta daidai yadda za ki iya ja waje ke kaɗai. Ɗakin zama kuwa ki bar shi da tabarmi, ki bar ƙofarki a buɗe. Yashi zai shigo, ki share. Ni ban taɓa jin wadda shara ta kashe ba.

Kada kuma ki zauna jiran a zo miki. Zumunta a ƙafa take. Ki je aron abin da kike da shi, ki tambayi abin da kika sani, kamar yadda wata ta zo neman garwashi a wurina alhali murhunta yana ci. In an yi miki tambaya a kan addininki ki amsa da fara'a, ba ɓoyo ba gardama. In maƙwabciya ta janye jiki, kafin ki ce hassada ce ko ƙiyayya, ki fara duba ɗakinki.

Babanki ya ɗago daga kan keke yanzu yana tambaya ko Littafi Mai Tsarki nake kwafewa. Bari in taƙaita.

Tare da takardar nan direba zai ba ki ƙunshi. Tabarmi biyu ne, daga wurin Iya Falmata. Kin san idonta ya yi rauni, ta daina saƙa tun bara, amma da ta ji za ki tafi ta sa jikarta ta jiƙa mata kaba, ta zauna tana yi da lalube. Za ki ga jan layin ya karkace a gefe ɗaya, kada ki ba kowa ya gyara. Babbar ta zama ce. Ƙaramar kuwa, ga saƙonta yadda ta faɗa, da sunan ranar da take kiranki da shi, ta ce in rubuta kada in rage: "Ki ce wa Ladi wannan ba ta zama ba ce. Ta naɗe ta rataye bisa, inda yaro ba ya kai, inda kuma mai shigowa za ta gani. Ba sai ta ce komai ba. Mace in ta gani ta san gidan da ta shigo."

Ki sa Bitrus ya kafa ƙusa tun yau. Ranar da wata ta shigo miki hira, aka kira la'asar, ta ɗaga ido ta ce a miƙo mata tabarmar nan maimakon ta ce bari ta je gida, ki rubuto mini ko layi ɗaya ne. Ranar hankalina zai kwanta, don na san ko Bitrus yana can ƙarshen daji, akwai kunnen da ke sauraron taɓaryarki ta bayan katanga.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare Bitrus a kan hanyoyin daji, ya sa albarka a hannunsa. Ya raba ki da abin da kike ɗauke da shi lafiya, ya kawo mini ke gida da ƙafarki. Babanki yana sa muku albarka, Dauda da Yusufu suna gaisuwa, matan unguwa duka sun ce a gaishe da amarya. Ki gai da maƙwabtanki, ko da ban san sunansu ba tukuna.

Allah ya tsare mini ke, Hannatu. Kin ga, na rubuta shi, hannuna bai karye ba.

Ni ce innarki,
Saratu